Ɗan Leƙen Asiri da Guntun Labarinsa

A ƙarshen shekarar 1915 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Somerset Maugham ya sauka a wani otal a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan. Duk wanda ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, sai ya ce wurin da ba hayaniya yake nema don ya ƙarasa rubuta wani wasan kwaikwayo. Rubutun kam yana yi, amma ba shi ya kawo shi ba. Hukumar leƙen asirin Birtaniya ce ta turo shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga shekara ta biyu, Suwizalan kuwa 'yar ba-ruwanmu ce, ga Jamus ta arewa ga Faransa ta yamma, don haka otal-otal ɗinta suka cika da 'yan leƙen asirin kowane ɓangare. A ci abinci a zaure guda, kowa na satar kallon kowa.

Aikin da aka ba shi ba irin na fim ba ne. Ba harbi, ba haura katanga. Akwai mutanen da ke shiga Jamus da sunan fatauci ko neman aiki, su dawo da abin da suka gani da wanda suka ji. Shi ne mai karɓar rahotonsu, ya biya su ladansu, ya aika da rahoton gaba. Sau ɗaya a mako yakan hau jirgin ruwa ya tsallaka tafkin Jeniba zuwa gaɓar Faransa, ya gana da na sama da shi, ya juyo.

A 1928 ya fitar da littafin Ashenden, jerin gajerun labarai masu tauraro ɗaya, wanda shi ma marubuci ne da aka ɗauka aikin leƙen asiri. Shugabansa wani kanar ne da ba a kiran sunansa sai harafin R, kuma tun ranar farko ya gaya masa cewa in ya yi abin kirki ba mai gode masa, in ya shiga uku ba mai ceton sa. A ɗaya daga cikin labaran farko an ga Ashenden yana zuwa kasuwa wurin wata tsohuwa 'yar ƙauye da ke tsallako iyaka daga Faransa da man shanu da ƙwai. Ya sayi man shanu, ta miƙa masa canji, a cikin canjin akwai 'yar takarda a nannaɗe. A ƙirjinta take ɓoyo ta, masu tsaron iyaka kuwa sun saba da ita da barkwancinta. Duk haɗarin da ke cikin aikin bai wuce tafiyar nan daga kasuwa zuwa otal da takarda a aljihu ba.

Maugham bai ɓoye ra'ayinsa game da sana'ar ba. A gabatarwar littafin ya ce yawancin aikin gundura ne, kuma kaso mai yawa daga cikinsa ba shi da wani amfani. Wani abin da ya lura da shi ya fi wannan muhimmanci ga mai sha'awar adabi: ƙaramin ɗan leƙen asiri ba ya ganin al'amari daga farko zuwa ƙarshe. Wani lokaci farkon yake gani, wani lokaci tsakiya, ba safai yake jin yadda aka ƙare ba. Tamkar yaron tela ne da aka miƙa wa hannun riga ya ɗinka, bai ga rigar ba, bai san mai ita ba. Sojan da ke cikin rami ma haka yake. Janar ne mai taswira, shi ba ya ganin komai sai tudun da ke gabansa. A nan ne gajeren labari ya yi wa dogon littafi zarra. Dogon littafi yana bukatar a ɗaure kowane zare a warware shi, a bayyana wa ya ci wa ya faɗi. Gajeren labari kuwa yana iya ɗaukar dare ɗaya, ɗaki ɗaya, mutum biyu, ya tsaya inda sanin mai aikin ya tsaya. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka ga yaƙi da idonsu, ganau ba jiyau ba, suka fi faɗin gaskiyarsa a shafi goma ko ashirin.

A duba labarin mutumin Meziko marar gashi. R ya haɗa Ashenden da wani mai kiran kansa janar, Manuel Carmona, wanda ba gira ba gashin ido, yana sanye da gashin kanti, yana ƙamshin turare, farcensa a gyare kamar na amarya, bakinsa ba ya gajiya da labarin matan da suka mutu a kansa. Aikinsu shi ne su tare wani Bagirke mai suna Andreadi da zai sauka Italiya da takardun sirri na abokan gaba. Ashenden ne mai riƙe kuɗi, janar ne mai wuƙa. A birnin Naples janar ya dawo ya ce an gama. Suka shiga ɗakin mamacin suka birkice kayansa, ba takarda ko ɗaya. Suka tafi wani gidan abinci na 'yan tasha, janar ya ci ya ƙoshi, ya yi rawa da mata, Ashenden na kallon ɗigon jini a bakin hannun rigarsa. Can a tashar jirgin ƙasa, dab da rabuwa, Ashenden ya zauna ya warware wata wayar sirri da ta iso masa. Abin da ke ciki: rashin lafiya ta tsare Andreadi a tashar jiragen ruwan Piraeus ta Girka, ko jirgin bai hau ba. Wani bawan Allah aka kashe. A nan labarin ya tsaya. Ba a faɗi ko wane ne mamacin ba, balle a ce an hukunta wani.

Labarin Giulia Lazzari ya fi wannan ɗaci. Ita 'yar rawa ce a gidajen shaƙatawa marasa daraja, tana son wani Ba'indiye mai suna Chandra Lal, ɗan gwagwarmayar ƙwatar 'yancin Indiya da ya haɗa kai da Jamus don ya ga bayan mulkin Ingila. Turawan Ingila suka kama ta, suka ba ta zaɓi: ko shekaru a kurkuku, ko ta rubuta masa wasiƙun da za su janyo shi ya tsallako tafki daga Suwizalan zuwa ƙasar Faransa, inda za a iya cafke shi. Ashenden ne ke tsaye a kanta yana faɗa mata abin da za ta rubuta, tana kuka tana rubutawa. Chandra Lal ya zo, aka kama shi, ya haɗiye gubar da ya taho da ita. Da aka gaya mata, bayan duk kukan, sai ta tambaya ko za a mayar mata da agogon hannun da ta saya masa, don fam goma sha biyu ta biya. Mai karatun da kakanninsa suka ɗanɗana mulkin mallaka zai lura da wani abu a labarin: Ashenden da kansa ya gaya wa R cewa mutumin da ya tunkari daular Ingila kusan shi kaɗai ya cancanci a jinjina masa. R ya ce masa mai laifi ne kawai. Maugham bai raba musu gardama ba, kuma Ashenden bai fasa aikin ba.

Akwai kuma na ban dariya. Wani Gustav da ke zaune a birnin Basel shi ne wanda rahotanninsa suka fi na kowa kyau, har ana ba sababbin ma'aikata su koyi yadda ake rubutu. Da aka bincika sai aka tarar bai taɓa taka Jamus ba tun da aka fara yaƙin. Daga jaridu da hirar matafiya a gidajen abinci yake harhaɗa su, yana karɓar albashinsa.

A 1917 aka aika Maugham Rasha da wani aiki da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ya taimaki gwamnatin riƙon ƙwarya ta Kerensky ta tsaya da ƙafarta, Rasha kuma kada ta janye daga yaƙin. Ya bi ta Amurka da Japan, ya ratsa Saberiya a jirgin ƙasa, ya isa Petrograd. A watan Nuwamba 'yan Bolshebik suka ƙwace mulki, shi kuma ya ƙare a asibitin masu tarin fuka a Sikotilan. Abin da ya fito daga wannan tafiya shi ne labarin Mista Harrington, ɗan kasuwar Amurka mai surutu da tsantseni, wanda ana juyin juya hali ya ce ba zai bar gari ba sai ya karɓo wankinsa. A kan titi aka tsinci gawarsa da ƙullin kayan wankin a hannu. Ana ba da labarin cewa Maugham ya ƙone wasu labarai goma sha huɗu na Ashenden bayan Winston Churchill ya karanta su ya ce sun saɓa wa dokar tsare sirrin gwamnati. Waɗanda suka tsira sun isa su sauya fasalin irin wannan rubutu. Eric Ambler da Graham Greene da John le Carré duk ta hanyar da ya share suka bi.

Tun kafin Maugham, wani Bafaranshe ya riga ya taɓo ɗaya ɓangaren al'amarin, wato wanda aka laƙaba wa leƙen asiri alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. Guy de Maupassant yana ɗan shekara ashirin aka yi yaƙin Faransa da Furushiya a 1870, kuma ya sa kaki a yaƙin. Sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya daga Satumba har Janairun 1871, yunwa ta sa mutane suka ci dawakai da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji ba su tsira ba. A 1883 ya buga labarin abokai biyu, Morissot mai gyaran agogo da Sauvage mai ƙaramin kanti, waɗanda kafin yaƙi duk Lahadi suna tare a bakin kogi da ƙugiya. Suka haɗu a titi cikin ƙawanyar, suka ɗan kurɓa, kewar kamun kifi ta motsa. Suka samo takardar izini daga wani kanar, suka wuce shingen sojojinsu na ƙarshe, suka zauna a bakin kogin Seine. Kifi na ta kamuwa, igwa na tashi daga tudun Mont-Valérien, su kuma suna 'yar muhawarar siyasa irin ta masu zaman banza. Sai ga bakin bindiga a bayansu.

Hafsan Jamus ya ce musu a wurinsa su 'yan leƙen asiri ne, kamun kifin basaja ce. Amma tun da sun fito ta shingen Faransa, lalle suna da kalmar sirrin komawa. Su faɗa masa, ya sake su. Suka yi shiru. Ya ja kowannensu gefe, ya ce ɗan'uwanka ba zai sani ba. Suka yi shiru. Ba jawabin kishin ƙasa, ba taken ƙasa. Sallama kawai suka yi wa juna, murya na rawa. Aka harbe su, aka ɗaura musu duwatsu a ƙafa, aka jefa su kogi. Hafsan ya hango ragar kifinsu a cikin ciyawa, ya kira kukunsa ya ce a soya masa tun suna da rai, ya koma ga lofensa. Duka labarin bai wuce 'yan shafuka ba, kuma da wuya a sami littafin tarihin wannan yaƙi da ya kai shi zama a zuciya.

A Amurka Ambrose Bierce, wanda ya yi yaƙin basasarsu, ya ga gumurzun Shiloh a 1862, harsashi kuma ya same shi a ka a 1864, ya rubuta labarin gadar Owl Creek a 1890. Mutane sun fi tuna ƙarshensa, inda mutumin da ake ratayewa ya ga kamar igiya ta tsinke ya tsere har ƙofar gidansa, ashe duk a cikin ƙiftawar idon mutuwa ne. Abin da ake mantawa shi ne yadda ya kai ga igiyar: wani magewayin sojojin Arewa ne ya zo gidansa cikin kakin sojojin Kudu, ya nemi ruwan sha, ya kwaɗaita masa ƙona gadar. Matar gidan ce ta kawo masa ruwan da hannunta.

Graham Greene ya san sana'ar daga ciki, kuma a Afirka ta Yamma ya fara ta. A Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga hukumar MI6, ya ɗan zauna a Legas, sannan aka tura shi Firitawun ta Saliyo, inda aikin ya haɗa da sa ido kan jiragen ruwan Fotugal da ake zargin suna safarar lu'ulu'u da wasiƙu. Da ya koma Landan, shugabansa shi ne Kim Philby, wanda daga baya aka gane tun tuni Tarayyar Sobiyet yake yi wa aiki, ya gudu Masko a 1963. Abin mamaki, gajeren labarin leƙen asirin da ya fi fice a cikin na Greene tun 1930 ya rubuta shi, kafin ya san ƙofar wannan ofis. Sunansa I Spy, kuma bai fi shafi uku zuwa huɗu ba. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, Charlie Stowe, abokansa na yi masa dariya don bai taɓa shan taba ba, sai ya lallaɓo da dare zuwa kantin tabar ubansa da ke ƙasan bene. Lokacin yaƙin farko ne, fitilun neman jiragen Jamus na share sararin sama. Ya ji takun mutane, ya shige ƙarƙashin kanta. Ubansa ne, wanda ya ce ya yi tafiya, tare da wasu baƙi biyu masu shiga iri ɗaya. Uban ya yi musu tayin taba, suka ce suna bakin aiki. Ya ɗauki rigar sanyinsa, ya ce kada a tashi iyali, suka fita da shi. Yaron bai fahimci abin da ya gani ba. Abin da ya gane kawai shi ne wannan uban da bai taɓa jin yana ƙauna ba ashe irinsa ne, shi ma yana yin abubuwa cikin duhu yana tsoro. Mai karatu ne ke haɗa sauran: bakin teku, yaƙi, jami'ai biyu, da hukuncin da ke jiran mai yi wa Jamus aiki.

Ba dole sai wanda ya yi aikin ba. Jorge Luis Borges ma'aikacin ɗakin karatu ne a Buenos Aires ta Ajantina, bai taɓa zuwa fagen daga ba, amma a 1941 ya rubuta labarin lambun nan mai hanyoyi masu rassa, wanda dabararsa ke sa mutum ya ajiye littafi ya yi jim. Wani Basine mai suna Yu Tsun yana yi wa Jamus leƙen asiri a Ingila a 1916. Ya gano garin da Ingila ta girke manyan bindigoginta a Faransa, amma an gano shi, mai farautarsa na bisa sawunsa, ba hanyar aika saƙo. Ya buɗe littafin lambobin tarho, ya nemo wani mutum mai suna Stephen Albert, ya hau jirgi ya je gidansa. Mutumin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ashe ma masani ne da ya ƙarar da shekaru yana nazarin littafin kakan Yu Tsun ɗin. Suka yi hira mai zurfi, sannan Yu Tsun ya harbe shi. Sunan garin Albert. Ya san shugabansa a Barlin yana bin jaridun Ingila, zai ga sunan maharbi da na mamaci a haɗe ya gane. Kuma ya gane. Yu Tsun bai ƙaunar Jamus, ya faɗa da bakinsa. So yake ya nuna wa shugaban da ke rena launin fatarsa cewa shi ma zai iya.

Ko Ian Fleming, wanda ya yi aikin leƙen asirin sojan ruwa kafin ya ƙirƙiro James Bond, in ya koma gajeren labari sai murya ta sauya. A The Living Daylights na 1962 ba mota mai fiffike ba gidan caca. Bond na kwance a bakin taga a Barlin dare uku, yana jiran ya harbe maharbin Rasha da zai kashe wani mai tsallako iyaka, aikin kuma yana ƙyamarsa. Da maharbin ya bayyana sai ga shi mace ce, mai kaɗa goge a wata ƙungiyar makaɗa da ya yi ta kallo tana wucewa. Ya kauce da gangan, ya harbi bindigarta, ya san kuma za a kai ƙararsa.

Wanda ya fi kowa shiga cikin zuciyar mai wannan aiki, a ganin mai wannan rubutu, mace ce. Eileen Chang an haife ta a Shanghai a 1920, ta zauna a birnin lokacin da Japan ta mamaye shi, mijinta na fari kuma jami'i ne a gwamnatin 'yan amshin shatan Japan ta Wang Jingwei. Labarinta da aka sani da Lust, Caution ta fara shi a shekarun 1950, ba ta sake shi ba sai ƙarshen shekarun 1970. Ya buɗe da matan manya a teburin wasan mahjong, zobban lu'ulu'u na walƙiya a yatsu, ana hirar tsadar kaya. A cikinsu akwai wata matashiya da ake ɗauka matar wani ɗan kasuwa ce. Ɗaliba ce, Wang Jiazhi, 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayon jami'a, wadda abokanta suka ɗora wa aikin yaudarar maigidan, Mista Yi, shugaban 'yan sandan ciki na gwamnatin, har a samu a kashe shi. Ta ba da duk abin da mace za ta iya bayarwa don wannan shiri. Ranar da aka tsara, ta ja shi kantin wani Ba'indiye mai sayar da kayan ado, maharba na jira a waje. Ya zaɓar mata zoben lu'ulu'u ruwan hoda mai karat shida. Ta dubi fuskarsa a hasken fitila, zuciyarta ta raya mata cewa mutumin nan son ta yake da gaske. Ta yi masa raɗa ya gudu. Ya gudu, ya sa aka rufe unguwar, kafin dare ya raba an harbe ta da abokanta. Ya koma gida ya tarar matan na nan a teburinsu, suna gardamar wadda za ta kai su cin abinci. Masu nazari kan danganta labarin da Zheng Pingru, wata budurwa da ta yi yunƙurin janyo wani babban jami'in wannan gwamnati cikin tarko a 1939, aka kashe ta a 1940. Ang Lee ya mai da labarin fim a 2007, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Venice, amma sai da ya ɗauki fiye da awa biyu da rabi kafin ya faɗi abin da ta faɗa a 'yan shafuka.

Mai karatun Hausa ba baƙon wannan haɗi na yaƙi da cin amana da gajeren labari ba ne. Littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a shekarun 1930, a kan haka aka gina shi: sarki ya tafi yaƙi, waziri na ƙulla makirci a gida, aku kuma na tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Sai dai a can munafiki a bayyane yake, kuma ƙarshensa ya zo yadda ya kamata. Labaran da yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya haifa ba su da wannan sauƙi.

A cikin Biyafara tsoron 'yan zagon ƙasa ya kai inda maƙwabci ke zargin maƙwabci, duk garin da ya faɗi sai an ce wani ne ya sayar da shi. A watan Satumba na 1967 aka harbe Victor Banjo da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu a Inugu bisa tuhumar cin amana. Hanyoyi suka cika da shingayen bincike. A irin wannan shinge ne Chinua Achebe ya tsayar da Gladys a labarin Girls at War, wanda ya ba wa tarin labaransa na 1972 suna. Yarinya ce 'yar makaranta da ta shiga aikin sa-kai, ta tsare motar wani babban ma'aikacin gwamnati, Reginald Nwankwo, ta ce sai ya buɗe but, ko shi wane ne. Ya fusata, daga baya abin ya burge shi. Bayan wata goma sha takwas ya sake haɗuwa da ita a bakin hanya, da gashin kanti da takalmi mai tsini, tana rayuwa a hannun masu iko kamar sauran 'yan mata da yawa. Ya yi ta yi mata wa'azi a zuciyarsa, alhali but ɗin motarsa cike yake da abincin agaji da ya karɓo wa iyalinsa a gaban idon mayunwata. Da jirgin yaƙi ya kawo hari a kan hanya, kowa ya ruga daji, ita ce ta juya don ta buɗe wa wani soja mai ƙafa ɗaya ƙofar mota. A nan ta mutu. A labarinsa Civil Peace kuma, yaƙi ya ƙare, Jonathan Iwegbu ya tono kekensa da ya binne, ya karɓi fam ashirin ɗin da gwamnati ta ba masu kuɗin Biyafara, a daren nan ɓarayi suka zo suka karɓe. Da gari ya waye iyalinsa suka hura wuta, matarsa ta ci gaba da suyar ƙosai. Achebe, wanda ya yi wa Biyafara jakadanci a ƙasashen waje, bai rubuta dogon ƙagaggen littafi a kan wannan yaƙi ba. A gajerun labarai da waƙoƙi ya zuba shi, sai can a 2012 ya fitar da tarihin abin da ya gani.

Akwai marubucin da leƙen asiri ya zo wa ta wata ƙofa dabam. Isaac Babel Bayahude ne ɗan Odessa, mai gilashi, wanda a 1920 ya bi rundunar dawakin Budyonny zuwa yaƙin Rasha da Polan a matsayin ɗan jarida, ya ari sunan Rashawa, Kirill Lyutov, don ya ɓoye asalinsa a cikin mahayan Kosak da ba sa ƙaunar Yahudawa. Labaran da ya tara a littafin Jar Rundunar Dawaki na 1926 wasunsu shafi biyu ne kacal. A ɗayansu sojojin suka yi jifa da akwatin mai ba da labarin don sun ga ɗan boko ne, ba su karɓe shi ba sai da ya taka kan dinyar wata tsohuwa da takalmi ya ce ta dafa masa. A daren ya kwana a tsakiyarsu, zuciyarsa ba daɗi. Budyonny ya fito fili ya ce an ci mutuncin rundunarsa, marubuci Maxim Gorky ya tsaya wa Babel. Gorky ya rasu a 1936. A ranar 15 ga Mayu 1939 'yan sandan ciki na Stalin suka kama Babel, suka kwashe duk rubuce-rubucensa da ba a buga ba, suka azabtar da shi har ya amsa cewa yana yi wa Faransa da Ostiriya leƙen asiri. A gaban kotun soja ya janye amsar, ya roƙi a bar shi ya ƙarasa aikinsa. Shari'ar ba ta wuce minti ashirin ba, aka harbe shi a ranar 27 ga Janairu 1940. A 1954 hukuma ta wanke shi daga tuhumar, amma ta gaya wa iyalinsa cewa a 1941 ya mutu a tsare, kuma takardun da aka kwashe daga gidansa ba a sake ganin su ba.